Yaƙin Sararin Samaniyar Birtaniya, 1940: Lissafin Minti, Fetur da Matuƙa

Inda mashigin ruwan da ya raba Faransa da Ingila ya fi ƙunci, tsakanin yankin Calais da Dover, kilomita 33 ne kacal. Jirgin bama-bamai na 1940 yana tsallake shi cikin minti shida zuwa bakwai. Shi kuwa ayarin jiragen farauta na Ingila, wato masu tare jiragen abokan gaba a sama, da ke zaune a ƙasa, daga lokacin da wayar tarho ta yi ƙara har ya hau ƙafa 20,000, inda maharan Jamus ke tafiya, sai ya ci kusan minti goma sha biyar. Duk wanda ya jera waɗannan lambobi biyu zai gane inda gizo ke saƙa. In sai ka ga abokin gaba da ido za ka tashi, ya riga ya sauke kayansa a kanka. In kuma ka ce jiragenka su wuni a sama suna sintiri daga asuba zuwa almuru, fetur zai ƙare, injina su gaji, matuƙa su jigata, ranar da maharan suka zo kuma rabin jiragenka suna ƙasa suna shan mai. Wannan tazara ta 'yan mintoci ita ce zuciyar yaƙin da Turawan Ingila ke lissafa shi daga 10 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoba, 1940.

Faransa ta sa hannu a takardar miƙa wuya ga Jamus ranar 22 ga Yuni. Sojojin Ingila da ƙawayenta kimanin 338,000 da aka kwashe daga Dunkirk a gaɓar Faransa sun tsira da rayukansu, amma tankoki da igwogi da motoci an bar su a can. Ranar 16 ga Yuli Hitila ya ba da umarnin a shirya tsallakawa a mamaye Ingila, shirin da suka sa wa suna Zakin Teku. Sai dai sojan ruwan Jamus sun yi mummunar asara a Nowe watanni kaɗan kafin nan, kuma abin da za a ɗebi sojojin da shi mafi yawa kwale-kwalen kogi ne masu faffaɗan ciki, da yawansu ba injin, jan su ake yi. Irin wannan ayari ba zai tsira daga jiragen ruwan yaƙin Birtaniya ba sai in sama gaba ɗaya tana hannun Jamus. Ga kuma lokaci: da zarar Satumba ta ƙare, teku na rikicewa. Saboda haka aikin ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Hermann Göring, shugaban sojan saman Jamus da ake kira Luftwaffe, dole ya murƙushe jiragen farautar Ingila cikin 'yan makonni. Hugh Dowding, kwamandan waɗannan jirage, abin da ke kansa kawai shi ne a wayi gari kullum rundunarsa na nan har sanyi ya shigo. Duk abin da ya yi, daga wannan fahimta ya fito. Tun 16 ga Mayu ya rubuta wa gwamnati cewa an ƙiyasta ayari 52 ake bukata don tsare gida, ga shi saura masa 36, don haka a daina tura jirage Faransa.

Ido, kunne da wayar tarho

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun Fabrairun 1935 Robert Watson-Watt da abokan aikinsa suka nuna a Daventry cewa jirgi na maido da igiyar rediyo in ta buge shi, kuma kafin yaƙi an kafa jerin tashoshin rada a gaɓar gabas da kudu, kimanin ashirin, waɗanda ake kira Chain Home. Kowace tasha na da dogayen turakun ƙarfe masu tsawon mita 110 don aikawa, da na katako masu mita 73 don karɓa. Na'urar ba ta juyawa kamar ta zamani. Tana watsa igiyarta ne gaba, ta kan teku, har nisan da ya haura kilomita 150 in jirgin na sama sosai. Jirage masu tafiya ƙasa-ƙasa suna kuɓuce mata, shi ya sa aka ƙara wasu ƙananan tashoshi na musamman dominsu.

Abin da mai aikin, sau da yawa budurwa ce daga rundunar mata ta sojan sama, take gani a gilashin na'urar shi ne layin haske ɗaya a kwance, da 'yan tsinaye suna leƙowa daga jikinsa. Inda tsinin ya tsaya a kan layin shi ke ba ta nisa, kuma wannan ma'auni daidai yake. Kusurwar da jirgin yake kuwa sai ta murɗa wani maɓalli har tsinin ya ɓace, ta karanta lamba, kuma nan kuskure na da yawa. Tsayi ya fi haka wuya. Yawan jiragen kuma daga yadda tsinin ke rawa take kintatawa, ido ba mudu ba amma ya san kima. In aka kai wannan ɗanyen bayani kai tsaye ga matuƙa, tashoshi uku za su mai da hari ɗaya hari uku.

Maganin wannan shi ne ɗakin tacewa a hedkwatar Dowding da ke Bentley Priory, arewa da Landan. Tun da nisa shi ne abin dogaro, mai tacewa sai ya ɗauki nisan da tasha ɗaya ta bayar da na maƙwabciyarta, ya ga inda bakan biyu suka haɗu a taswira, ya ce nan jirgin yake. A ba harin lamba, a duba ko na gida ne, domin jiragen Ingila na ɗauke da wata na'ura da ke sa tsininsu ya bambanta. Daga nan bayanin da aka tace ya bi wayar tarho zuwa ɗakunan ba da umarni na shiyyoyi da na gundumomi a lokaci ɗaya. Da maharan sun wuce gaɓa, rada ta makance, domin gabanta kawai take gani. Sai aiki ya koma hannun 'yan sa-kai masu sa ido, kimanin 30,000, a rumfuna kusan dubu a kan tuddai da rufin gidaje, kowace rumfa da madubin hangen nesa, da ma'aunin kusurwa, da waya. Ranar da hadari ya rufe, da kunne suke aiki.

A ɗakin Shiyya ta 11 da ke ƙarƙashin ƙasa a Uxbridge, inda Keith Park ɗan New Zealand ke tsare Landan da kudu maso gabas, akwai babban tebur mai taswira, 'yan mata sun kewaye shi da dogayen sanduna suna tura 'yan katakai masu lambar hari da yawan jirage da tsayi. Agogon bango an raba shi minti biyar-biyar da launi uku, ja da rawaya da shuɗi, kuma kibiyar da za a ajiye a tebur dole ta zo da launin da hannun agogo ke kai. Da kallo ɗaya mai ba da umarni zai san wane bayani ne sabo, wanne ya tsufa. Wanda ya wuce minti goma a kwashe shi. A bango kuma fitilu na nuna halin kowane ayari: yana hutawa, yana cikin shiri, ya tashi, ya ga abokin gaba, ya sauka shan mai. Shiyya ce ke yanke shawarar wane ayari zai tashi. Gunduma, irin su Biggin Hill, Kenley, Hornchurch, Tangmere, North Weald, Northolt da Debden, ita ce ke jagorantar matuƙa ta rediyo har su ga maharan. Don gunduma ta san inda nata jiragen suke, rediyon jirgi ɗaya a ayarin na fitar da wani sauti na daƙiƙa 14 a kowane minti, tashoshi uku su kama, a ja zare uku a taswira, inda suka haɗu nan suke. Hanyar da za a ba su ma ba a tsayawa dogon lissafi: a ja layi daga maharan zuwa masu tara, a ba masu tara kusurwa daidai da ta maharan, tun da sun fi sauri za su riga isa mahaɗa.

Tsarin na da inda yake tuntuɓe. Minti huɗu ko makamancin haka na tafiya tsakanin gilashin rada da kunnen matuƙi, kuma a minti huɗu maharan sun ci kilomita ashirin. Da yake kowa ya san ma'aunin tsayi ba abin yarda ba ne, mai ba da umarni kan ƙara ƙafa dubu biyu don kada yaransa su shigo ta ƙasa, jagoran ayari shi ma ya ƙara nasa, a ƙarshe su haɗu da 'yan rakiya a can sama, masu bama-bamai su wuce ta ƙarƙashinsu salin-alin. Park ya yi ta jan kunne a kan haka. Duk da wannan, amfanin tsarin a fili yake: jirage ɗari shida da 'yan kai da ke tashi a daidai lokaci zuwa daidai wuri sun yi aikin da ninkinsu ba za su yi ba in lalube suke. Jamus ma na da rada, wadda ta fi ta Ingila inganci a wasu fannoni. Abin da ba ta da shi, kuma ba ta gane abokin gabarta na da shi ba, shi ne wannan sarƙa da ta haɗa turaku da waya da tebur da matuƙi.

Jiragen da kansu

Cikin jiragen farautar Ingila, Spitfire ce ta yi suna, amma Hurricane ta fi yawa, kuma ita ta kakkaɓo fiye da rabin abin da aka kakkaɓo. Injinsu ɗaya, Rolls-Royce Merlin mai ƙarfin doki dubu da 'yan kai, bindigoginsu ɗaya, guda takwas a fukafukai, kowace da harsashi kimanin 300, wato wutar daƙiƙa goma sha biyar ke nan duka-duka. Harsashin irin na bindigar soja ne, kuma da Jamusawa suka sa sulke da tankokin mai masu toshe kansu, sai ka ga jirgi ya koma Faransa da ɗaruruwan huji a jikinsa. Da farko ana saita bindigogin su haɗu a nisan yadi 400. Gogaggun matuƙa suka matsa aka dawo da shi 250, domin sai ka matso har jirgin ya cika maka gilashi harbin ke yin tasiri. Jikin Hurricane daga baya bututun ƙarfe ne aka lulluɓe da ƙyalle, harsashin igwa kan ratsa ya wuce bai fashe ba, makanikai su liƙe a filin jirgi. Aibinta shi ne tankin mai da ke gaban matuƙi: in ya kama wuta kuma matuƙin ya buɗe murfi don ya fita, iska sai ta jawo wutar ta kan fuskarsa da hannuwansa. Waɗanda likita Archibald McIndoe ya yi ta yi wa dashen fata a East Grinstead, da yawansu wannan wuta ce ta ci su.

Messerschmitt 109 ta Jamus ta fi Hurricane sauri, ta yi kunnen doki da Spitfire, ta fi su duka a can sama. Tana da igwa biyu masu milimita 20. Injinta famfo ne ke tura masa mai kai tsaye, shi kuwa Merlin kafireta gare shi, don haka in Bajamushe ya dunƙufar da hanci ƙasa farat ɗaya ya tsere, Baturen Ingila da ya bi shi haka injinsa zai yi tari ya ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi. Dole ya fara kifa jirgin ciki sama kafin ya nutsa. Ingila ta rage tazarar da fetur mai ƙarfin okten 100, wanda ya ba da damar matsa wa injin na minti biyar, da sabuwar farfela mai daidaita kanta da aka bi sansani-sansani ana ɗaurawa daga ƙarshen Yuni. A dabarar jeri kuwa Jamusawa sun yi nisa. Tun yaƙin basasar Sifen, Werner Mölders da abokansa suka koyi tafiya biyu-biyu a warwatse, ɗaya na farauta ɗaya na tsare masa baya. Turawan Ingila suna tafiya uku-uku a matse, biyu daga cikin ukun idonsu na kan fiffiken jagora kada su yi karo, ba mai duba rana, inda mutuwa ke fitowa.

Amma duk fifikon 109 tankinta ya cinye shi. Lita 400 take ɗauka. Daga Calais zuwa Landan da dawowa, abin da ya rage na faɗa bai fi minti goma ba, kuma tankin ƙari da ake jefarwa bai iso ba sai da yaƙin ya zo ƙarshe. Messerschmitt 110 mai injin biyu, wadda aka ƙera don rakiya mai nisa, ta zama ita ma tana bukatar mai raka ta. Jiragen bama-baman kuma matsakaita ne: Heinkel 111 na ɗaukar kilo 2,000, Dornier 17 rabin haka. An gina Luftwaffe ne don share wa tankoki hanya, kuma a nan ba tankoki.

Wanda bai san abin da yake duka ba

Watan Yuli ya tafi a kan ayarin jiragen ruwa a mashigi. Nan Ingila ta yi asarar matuƙan da bai kamata ta yi ba, domin ba ta da tsarin ceto a teku. Jamusawa kuwa suna da jiragen ceto masu sauka a ruwa, da kwale-kwalen roba, da garin rini da ke sa ruwa ya yi kore a hango mutum daga sama.

Ranar 12 ga Agusta aka kai wa tashoshin rada hari a Dover, Rye, Pevensey, Dunkirk ta Kent da Ventnor. Turakun kamar raga suke, iskar bam na ratsa su ta wuce, kuma ban da Ventnor duk sun dawo aiki cikin sa'o'i. Kwana uku bayan haka Göring ya ce bai ga amfanin ci gaba da dukansu ba. A ganina wannan ya fi karkatar da hari zuwa Landan daga baya, wanda ake yawan ambato, tsada ga Jamus, domin ɗakunan na'urori da layukan wuta da na waya da ke gindin turakun ba su da wata kariya ta kirki, kuma dukan da aka maimaita kullum da ya buɗe ɓaraka. Ranar 13, wadda suka kira Ranar Gaggafa, hazo ya sa aka ɗage harin safe. Saƙon ya isa ga 'yan rakiya, bai isa ga rundunar Dornier da ta riga ta tashi ba, kuma rediyon masu bama-bamai da na masu rakiya ba sa jin juna. Suka tafi su kaɗai, suka doki Eastchurch, filin da ba ma na jiragen farauta ba ne. Ranar 15 suka aiko hari daga Nowe da Denmak zuwa arewacin Ingila bisa zaton an kwashe jiragen can an kai kudu. Dowding kuwa can yake tura ayarin da suka gaji su huta. Jamus ta rasa jirage kimanin 75 a wannan yini, kuma rundunar Nowe ba ta sake zuwa da rana da yawa haka ba. Ranar 18 aka yi wa jiragen Stuka masu nutso ɓarnar da ta sa aka janye su daga yaƙin.

Tushen waɗannan kurakurai ofishin leƙen asiri ne. Rahoton da shugabansa Josef Schmid ya bayar a tsakiyar Yuli ko ambaton rada bai yi ba. Ya ƙiyasta Ingila na ƙera jiragen farauta 180 zuwa 300 a wata, alhali a Yuli kaɗai masana'antu, ƙarƙashin matsin ministan ƙera jirage Lord Beaverbrook, sun fitar da kusan 500, fiye da ninki biyu na 109 da Jamus ke ƙerawa. Bai lissafa da masu gyara ba, wato kamfanonin farar hula da aka haɗa ƙarƙashin cibiya a Cowley, waɗanda kusan kashi ɗaya cikin uku na jiragen da ake kai wa ayari daga hannunsu suke fitowa. Sannan yana karɓar iƙirarin matuƙa yadda suka faɗa, kuma a faɗan sama mutum uku kan harbi jirgi ɗaya kowa ya rantse shi ya kayar. A tsakiyar Agusta ya ce saura wa Ingila jirage 300 masu iya tashi. Gaskiyar ta ninka haka, ban da na ajiya. Rashin sani ya fi dare duhu. Su ma Turawan Ingila sun yi kuskuren lissafi, amma nasu ta ɗaya gefen ne: sun ɗauka Jamus ta fi yadda take ƙarfi, abin da ya sa suka yi ta tattali. Cewa jirage ba su ne matsalar ba, akwai shaidar da ta biyo ta ƙasar Hausa. A cikin Satumban nan, ana tsakiyar yaƙi, rukunin farko na Hurricane da aka harhaɗa a Takoradi ta Gwalkwas (Ghana ta yanzu) ya tashi da jirgin Blenheim na yi masa jagora, ya bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Khartum zuwa Masar, hanyar da ta samu bayan Cadi ta koma ɓangaren de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, a ƙarshen Agusta.

Matsalar mutane ce. Daga 24 ga Agusta zuwa 6 ga Satumba, Albert Kesselring, ɗaya daga kwamandojin Luftwaffe, ya tattara kusan duk 109 a yankin Calais, ya mai da hankali kan filayen Shiyya ta 11. Ya koyi tara jirage a sama da Faransa su yi ta kewaye, wasu su yi kamar za su tsallako su juya, har rada ta kasa bambanta harin gaske da na yaudara. A waɗannan makonni biyu Ingila ta rasa jiragen farauta 295, wasu 171 suka lalace ƙwarai, matuƙa 103 suka mutu ko suka ɓace, 128 suka ji munanan raunuka. An doki Biggin Hill kwana uku a jere har ɗakin ba da umarninta ya koma wani kanti a ƙauye. Na Kenley ya koma shagon mahauci a Caterham. Ramin bam a fili ba shi ne abin tsoro ba, filayen ciyawa ne, a cike da tsakuwa kafin yamma. Abin tsoron shi ne wayoyin tarho da suka tsinke, waɗanda ma'aikatan gidan waya ke shiga rami su ɗaura ana ci gaba da ruwan bam. An rage horon ƙarshe na sabon matuƙi zuwa mako biyu, yaro ya zo ayari bai taɓa harbin abu mai motsi a sama ba, da yawa ba su wuce tashi na biyar ba. Mafi ciwo shi ne mutuwar jagororin da za su koya musu. Nan amfanin baƙi ya fito: cikin matuƙa kusan 3,000 da suka yi yaƙin, kimanin kashi ɗaya cikin biyar ba 'yan Birtaniya ba ne, har da 'yan Polan 145 da 'yan Cekoslobakiya 88. Ayari na 303 na 'yan Polan sai 31 ga Agusta aka yarda ya shiga faɗa, saboda shakkar Turancinsu, amma gogaggu ne, suna matsowa dab kafin su buɗe wuta, kuma sun shiga sahun gaba wajen kakkaɓo jirage.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ɗaya ɓangaren ma jini yake zubarwa, kuma nasa ba ya dawowa. Baturen Ingila da ya diro da laima a Kent, mota za ta mai da shi sansani, wani lokaci ya sake tashi a ranar. Bajamushe in ya diro ya zama fursuna, in kuma mai ya ƙare masa a hanya teku ce. Ba a yi musu canji su huta. Da asarar masu bama-bamai ta yi yawa, Göring ya ɗora laifin kan 'yan rakiya, ya ce su manne wa waɗanda suke rakawa. Wannan ya ƙwace wa 109 tsayi da sauri, ya sa tana lanƙwasa hagu da dama don kada ta wuce su, tana ƙona man da dama bai ishe ta ba.

Landan

Daren 24 ga Agusta bama-bamai suka faɗa cikin Landan, washegari da dare Ingila ta kai hari Balin, Hitila ya yi alkawarin ramuwa a bainar jama'a ranar 4 ga Satumba. Amma ba fushi kaɗai ba ne. A taron da aka yi a birnin Hague ranar 3 ga wata, Kesselring ya kawo hujjar cewa in aka ci gaba da dukan filayen kudu, Dowding zai janye arewa da Landan inda 109 ba ta kaiwa. Landan ce kaɗai abin da dole ya fito da ragowar jiragensa ya kare. Takwaransa Hugo Sperrle ya ce ragowar nan ta fi yadda ake zato yawa, ba a saurare shi ba. Hujjar Kesselring na da ma'ana in lissafin Schmid gaskiya ne. Ranar 7 ga Satumba jiragen bama-bamai kimanin 350 da 'yan rakiya fiye da 600 suka doki tashar jiragen ruwa da unguwannin talakawa na gabashin Landan, aka kashe mutum fiye da 400.

Ga Park, wannan ya sauya lissafin mintocin nan. Babban taro na ɗaukar lokaci kafin ya haɗu a sama da Calais, rada na kallo. Hanyarsa ɗaya ce kuma doguwa. Ranar 15 ga Satumba, firaminista Churchill na zaune a Uxbridge, Park ya tari harin rana tun daga gaɓa da ayari bibbiyu, ɗaya bayan ɗaya, don 'yan rakiya su ƙona mansu da wuri. Kafin masu bama-bamai su iso Landan, ga iska mai ƙarfi na tura su baya, 109 da yawa sun juya gida. Nan ayari biyar na Shiyya ta 12 daga Duxford, Douglas Bader na gaba, suka auko musu a dunƙule. Da Churchill ya tambayi abin da ya rage a ajiye lokacin harin yamma, Park ya ce babu. Ingila ta yi shelar kakkaɓo 185. Ainihin adadin bai kai 60 sosai ba, ita kuma ta rasa ƙasa da 30. Amma matuƙan Jamus da aka gaya wa abokin gaba ya ƙare sun ga sama cike da shi. A lokaci guda jiragen bama-baman Ingila na bin tashoshin ruwa daga Antwerp zuwa Le Havre da dare, sun lalata kusan kashi ɗaya cikin goma na kwale-kwalen mamaya. Ranar 17 Hitila ya ɗage Zakin Teku.

Gardamar da ta biyo baya a kan babban ayarin Duxford ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ta ci Dowding da Park. Trafford Leigh-Mallory na Shiyya ta 12 da Bader sun ce a tara ayari uku zuwa biyar a yi duka ɗaya mai nauyi, ko da bayan maharan sun zubar da bama-bamansu ne. Park ya ce shi ba shi da wannan lokaci: haɗa jirage sittin a sama na cin mintocin da filayensa ba su da su, kuma sau da dama da ya nemi Shiyya ta 12 ta tsare masa North Weald ko Debden, kafin su iso an gama ɓarna. Bayanan Jamus da aka bincika bayan yaƙi sun nuna iƙirarin babban ayarin ya fi na kowa kumbura, abin da ba mamaki, tun da yawan masu harbi na ƙara yawan masu cewa su suka kayar. Gaskiya na wajen Park. Babban ayari ya yi amfani ranar 15 ne saboda ƙananan ayarin Park sun riga sun tsefe rakiyar a hanya.

Zuwa ƙarshen Oktoba Luftwaffe ta rasa jirage fiye da 1,700 da ma'aikatan jirgi fiye da 2,500 da suka mutu, ban da kusan dubu da aka kama. Rundunar Dowding ta rasa jirage kimanin dubu da matuƙa 544. Jamus ta koma kai hari da dare, inda tsarin nan duka bai da amfani sosai: masu sa ido ba sa gani, matuƙin Hurricane ko an kai shi kusa ba zai hango komai ba, kuma radar da ake ɗaurawa a cikin jirgi ba ta nuna ba tukuna. An yi wa Landan dare 57 a jere, an ƙone tsakiyar Coventry ranar 14 ga Nuwamba, kuma kafin Mayun 1941, lokacin da aka kwashe yawancin jiragen zuwa gabas don yaƙin Rasha, farar hula fiye da 40,000 sun mutu. Wannan gazawa ta dare, haɗe da gardamar Duxford, ita aka riƙe aka sauke Dowding a ƙarshen Nuwamba. A Disamba aka tura Park sashen horo, aka ba Leigh-Mallory kujerarsa. A Yulin 1942 aka aika Park tsibirin Malta, wanda jiragen Jamus da Italiya ke duka daga Sisili, ya sa a daina jiran maharan a kan tsibirin, a riƙa tararsu tun suna kan teku, kuma cikin 'yan makonni hare-haren rana suka ja baya.